Bangon Gilashi Bai Dace da Ƙasar Zafi Ba

Duk wanda ya zaga Abuja, ko ya bi sababbin unguwannin Kano da Kaduna, zai ga abin da ake yayi: banki, otal, kantin zamani, har ofishin gwamnati, kowanne an lulluɓe gabansa da gilashi tun daga ƙasa har sama. Gidajen kwana ma sun bi sahu da tagogi masu cin rabin bango. Ana ɗaukar wannan alamar wayewa da wadata. A ganina kuskure ne da mai ginin zai yi ta biya da kuɗin wuta muddin ginin na tsaye, domin gilashi, duk da tarin amfaninsa, bai cancanci zama bango ba a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40.

Dalilin yana cikin halin gilashin kansa. Hasken rana yana ratsa shi ya sauka a kan daɓe da kujeru, su ɗauki zafi, amma zafin da suke fitarwa ba ya ratsa shi ya koma waje da sauƙi, iskar da ta ɗumama kuma ba ta da mafita. Shi ya sa motar da aka bari a rana da gilasai a rufe ba ta shiguwa. Idan rana ta take, tana zuba kusan watt 1,000 a kan kowace murabba'in mita da ke fuskantarta, farin gilashi na yau da kullum kuwa yana barin wajen kashi 80 cikin 100 na wannan zafi ya wuce ciki. Sai a lissafa da faɗin bene mai hawa biyar da ke kallon yamma a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu.

Tarihin irin wannan gini ma ya ishe mu hujja. Katafaren zauren gilashin nan na Crystal Palace da aka gina a Landan a 1851, wanda ya buɗe wa duniya ido a kan wannan salo, mai kula da lambu ne ya zana shi, Joseph Paxton, kuma ya ƙware ne a gina ɗakunan gilashi da ke riƙe ɗumi don tsirran ƙasashen zafi su rayu a sanyin Ingila. Wato tun asali dabarar tara zafi ce. Ko a can ɗin sai da aka shimfiɗa yadi a kan rufin zauren don rage wa jama'a zafin rana. Daga baya, a 1959, kamfanin Pilkington ya bayyana hanyar zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, faffaɗan gilashi ya yi araha, na'urar sanyaya ɗaki ta yawaita, benayen gilashi suka zama ruwan dare a Amurka da Turai. Su suna da doguwar damuwar sanyi da ƙarancin rana, suna kuma da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu mun kwaso siffar ginin, ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ginin gilashi ba ya zaunuwa sai na'urar sanyi na aiki, sau da yawa ma tagoginsa ba sa buɗuwa. Da an ɗauke wuta sai janareto, dizal kuwa kowa ya san farashinsa. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kuma da dama daga cikin manyan gine-ginen nan a irin waɗannan layuka suke. Idan na gwamnati ne, daga baitulmalin jama'a ake biya. Idan kanti ne, a kan farashin kaya ake ɗora wa mai saye. Ga kuma ƙurar hunturu da ke dusashe ƙyallin da aka kashe kuɗi dominsa. A gidajen masu ƙaramin ƙarfi abin ya zo ta wata fuska: tagar alminiyon mai zamewa ta kori tsohuwar taga mai sallayen gilashi jeri-jeri, alhali tsohuwar kusan duka take buɗewa iska ta ratsa, sabuwar kuwa ko an kai ta ƙarshe rabi kawai take bayarwa.

Masu kare salon suna cewa gilashi yana kawo haske, a huta da kunna fitila. Gaskiya ne, amma hasken da ɗaki ke buƙata a ƙasarmu matsakaiciyar taga ta ishe shi. A leƙa irin waɗannan ofisoshi da rana tsaka: labule a sake saboda ƙyalli da zafi, fitilu a kunne. Wasu kuma za su ce akwai gilashin zamani mai ruɓi biyu da shafe na musamman da ke mayar da zafi. Akwai shi, yana kuma aiki, sai dai yana da tsada. Wanda ya fi yawa a gine-ginenmu mai duhu ne kawai, wanda ke shanye zafin ya yi zau, sannan ya fesa wani kaso cikin ɗaki. Masu buga misali da ƙasashen Larabawa su duba tagwayen benayen Al Bahar na Abu Dhabi da aka kammala a 2012: duk da arzikin ƙasar, sai da aka yi wa gilashinsu sutura ta waje mai buɗewa da rufewa bisa tafiyar rana, dabarar da aka aro daga tsofaffin tagogin katako na Larabawa.

Ba cewa ake a koma ɗakin ƙasa mai duhu ba. Wasu tsofaffin ɗakunanmu ba su da isasshiyar iska, kuma wannan aibi ne. Amma maginan da suka tayar da Gidan Makama a Kano, da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, sun san abin da bai tsufa ba: bango mai kauri yana jinkirta shigar zafi, kuma inuwa a waje ake yin ta kafin rana ta taɓa gini. Wannan yana yiwuwa da bulo da siminti. A ƙasarmu rana ta saman kai take bi, don haka tagar da ke kallon kudu ko arewa 'yar rumfa ta isa ta kare ta, gabas da yamma ne ke shan duka. Tun ran gini tun ran zane. Bayan an ɗora gilashin gyara ya yi wuya.

Ba ma sai an ƙirƙiro sabuwar ƙa'ida ba. Tun 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta fitar da kundin tsimin makamashi a gine-gine, wanda ya ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango, idan sun wuce a yi musu inuwa. Saura aiki da shi. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su sa shi cikin sharuɗɗan amincewa da zanen gini, gwamnatocin jihohi kuma su fara da sakatariyoyi da asibitoci da makarantun da suke ginawa da kuɗin jama'a.