Waiwaye: Daga haƙorin Makka zuwa haƙorin titaniyam

Duk wanda ya tashi a Dogon Dutse ko Tibiri bai manta ranar dawowar alhazai ba. Mu yara mukan cika gidan Hajiya don dabino da zamzam, amma abin da muke ɗoki shi ne ta yi murmushi, haƙorin Makka ya haska. Iyayenmu sun san abin da ya sa aka zaɓi zinariya. Baki ba ya rabuwa da laima dare da rana, ga gishiri, ga tsamin fura da na tsamiya. Ƙarfen da bai cika ba ba ya daɗewa a wurin.

Yau 'ya'yanmu da ke Yamai sukan ba mu labarin wani haƙori da ake dasawa cikin ƙashin muƙamuƙi, saiwarsa ta ƙarfen titaniyam. Wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa wannan ƙarfe ya manne da ƙashin zomo har ya ƙi fita. A 1965 ya dasa wa mutum na farko.

Jin labarin sai ya mayar da ni maƙerar unguwarmu. Mun sha tsugunawa muna kallon maƙeri ya zaro wuƙa ja wur daga wuta, ya tsoma ta a ruwa don bakinta ya yi tauri. Bayan girbi kuma mahaifanmu sukan goge hauya, su shafa wa wuƙa mai, kafin su adana. Sun gane cewa tsatsa daga waje take fara ci.

Ashe hikimar ɗaya ce da ta masu ƙera haƙorin zamani. Titaniyam da ya sha iska yakan yi wa kansa wata siririyar riga da ido ba ya gani, ita ke kare shi daga lalacewa. Sai dai gogayyar tauna da tsamin baki sukan cinye ta a hankali. Don haka ake tsoma shi cikin wani ruwa a sakar masa wutar lantarki, rigar ta ƙara kauri. Saiwar kuma a yi mata feshin yashi, a wanke da asid, ta yi kaushin da ƙashi zai samu wurin kamawa. Wuyan haƙorin da ke ratsa dasashi, wani lokaci a lulluɓe shi da haɗin titaniyam da naitirojin, ya yi tauri, ya fito da launin zinariya. Kun ga haƙorin Hajiya ya dawo ta wata ƙofar.

Abin da muka saki shi ne wanda ya fi sauƙi. A da, daga Matankari har ƙauyukan Dallol Mawri, da wuya ka ga dattijo ya fito sallar asuba babu asuwaki a hannunsa. Yau alewa da lemun kwalba sun yawaita, asuwaki ya ragu.

'Ya'yana, ƙarfe na iya jure wa tsatsa, amma dasashin da ke kewaye da shi nama ne. In datti ya taru, ya kumbura, ƙashi ya zaizaye, haƙorin mai tsada ya soma girgiɗi. Maƙeri ya gama nasa. Goge wuƙa da shafa mata mai aikin mai ita ne, kowace safiya.