Kafin Ka Karɓi Makirufo

A wuraren liyafar aure a birnin Sakkwato, daga Mabera har Arkilla, akwai lokacin da mai gabatarwa kan ɗaga makirufo ya ce abokan ango su fito su yi wa ma'aurata waƙa. Sai a ga wani saurayi ya miƙe da ƙarfin hali, ya raɗa wa mai sa kiɗa sunan wata waƙar soyayya mai sanyi. A ransa ya gama lissafi: tunda waƙar ba ta gudu, ba zai yi tuntuɓe ba. Baitin farko lafiya lau. A na biyu, inda mai waƙar ya ɗaga murya ya riƙe ta, sai numfashi ya ƙare, murya ta dushe, ƙawayen amarya su sa gefen mayafi su rufe baki.

Abin nan da saurayin ya gwada shi ake kira karaoke. Kalmar Japananci ce, ma'anarta kiɗa zalla wanda aka cire muryar mawaƙi. Wani makaɗi a birnin Kobe, Daisuke Inoue, shi ne ya haɗa ɗaya daga cikin na'urorin farko a 1971, kuma bai yi rajistar mallakarta ba, don haka dukiyar da ta biyo baya ta wuce shi. A 2004 aka ba shi kyautar barkwanci ta Ig Nobel, wai don ya samar wa mutane sabuwar hanyar koyon haƙuri da juna. Duk wanda ya taɓa zama a gaban irin saurayin can ya san alƙalan ba su yi ƙarya ba.

A Sakkwato ta wayar hannu abin ya shigo. Manhajoji irin su Smule da StarMaker, kiɗan da ake samu a YouTube babu murya, da 'yar lasifikar nan mai makirufo da ake sayarwa a kasuwa, su suka mayar da ɗakin ɗalibai da falon gida wurin gwada murya. Shawarar da kowa ke bai wa sabon shiga kuwa ɗaya ce: ka zaɓi mai sanyi. Mai wannan shafi na ganin rabin shawara ce, kuma rabin da aka bari shi ke jefa mutane a kunya.

Waƙa mai gudu tana rufa asiri. Ganga na tashi, jama'a na rawa, in ka kauce wa kari babu mai lura. Mai sanyi kuwa tsirara take barin murya. Kowace gaɓa sai an ja ta, kowane ja sai da numfashi, kuma zauren ya yi tsit yana saurare. Waƙar Whitney Houston ta 1992 da ta Celine Dion ta fim ɗin Titanic a 1997 duk a hankali suke tafiya, amma sun kayar da masu karambani ba adadi, saboda tazarar da ke tsakanin ƙasan muryar da ƙololuwarta ta fi ƙarfin maƙogwaron da bai sha horo ba. Haka waƙoƙin Lata Mangeshkar, waɗanda iyayenmu mata suka haddace daga finafinan Indiya: zaƙi kamar zuma, tsayi kamar giginya.

Waƙoƙinmu na fiyano suna da nasu tarkon. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 ake iya goge wa murya kowane karkace a sitidiyo, kuma waƙar Hausa ta zamani ta rungumi abin hannu bibbiyu. Mai kwaikwayon irin wannan murya a bainar jama'a da na'ura yake takara. Ba a ce mawaƙan ba su iya ba. An ce abin da kunne ya saba ji ya bi ta kwamfuta kafin ya iso shi. Ga kuma harshen kansa, mai karin sauti da gajeren wasali da dogo. Wanda ya ja farkon kalmar "gari" fiye da kima don ya cike gurbin kiɗa, ya mayar da birni garin tuwo.

To wace ce mai sauƙin? Amsar tana gida, kuma ta girmi na'urar Inoue nesa ba kusa ba.

Makaɗan ƙasar Sakkwato sun daɗe da raba aikin waƙa biyu. Jagora shi ke ɗaukar nauyi: ya ƙago ɗiyan waƙa, wato baitocinta, ya yi zambo da habaici, ya hau ya sauka. 'Yan amshi kuma su dawo da waƙar gindinta. Haka Ibrahim Narambaɗa ya yi da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, haka Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi, haka Musa Ɗanƙwairo Maradun har rasuwarsa a 1991. Amshi gajere ne, yana maimaituwa, ba ya hawa inda muryar kowa ba za ta kai ba, shi ya sa direba da mai shayi ke rera shi ba tare da sun san suna yi ba. (Kada wani ya ɗauka 'yan amshin Ɗanƙwairo aikin wasa suke yi, yadda suke karɓe ɗa daga bakin jagora su ƙarasa shi, sai wanda ya shekara a ƙungiyar. Gindin waƙar ake nufi.) Basakkwace ma yana da riba a nan, domin Hausar waƙoƙin ita ce ta bakinsa, inda Bakano zai tsaya yana lalube.

Malaman jihadi su ma sun san sirrin. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilimantar da matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji da 'yan taru. Waƙar da ake so mace ta ɗauka a ka ta koma ƙauyensu da ita, dole ta zama mai kari ɗaya da ke zagayowa, wanda ba ya neman gwanin murya.

Ma'aunin ke nan ga mai zaɓe, ko da wane harshe zai yi waƙar: jimloli gajeru masu ba da damar shaƙar iska, murya mai zama wuri ɗaya kusa da yadda mutum ke magana, da amshin da zaure zai taya shi. Waƙoƙin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa da dama haka suke, kamar hira. Wanda ya nace sai ta Turanci, "Stand By Me" ta Ben E. King ta 1961 ta fi masa alheri a kan manyan waƙoƙin kuka. Ya kuma guji masu tsawo: Bakandamiyar Narambaɗa abar saurare ce, ba abar ɗauka a liyafa ba, ga abinci na hucewa. Yawancin manhajojin suna da maɓallin sauke kiɗa zuwa daidai muryar mutum, kuma amfani da shi ba gazawa ba ne. A hunturun Sakkwato kuwa, da ƙura ke busar da maƙoshi, ruwan ɗumi kafin fita ya fi lemo mai ƙanƙara.

A ƙasar Filifin an sha ba da rahoton kashe-kashe a kan waƙar Frank Sinatra mai suna "My Way", har wasu gidajen karaoke suka cire ta daga jerinsu. Ita ma mai sanyi ce. A nan abin bai wuce dariyar ƙawayen amarya ba, amma dariyar yanzu da waya ake ɗaukarta, kuma kafin gari ya waye ta zaga TikTok.

Mai karatu, in an miƙo maka makirufo a bikin da ke tafe, ka nemi waƙar da ka riga ka rera daga farko har ƙarshe a ɗakinka ba tare da numfashinka ya yanke ba. In babu ita, ka miƙa wa na kusa da kai, ka tsaya cikin 'yan amshi.