Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙwaron da Ya Tayar da Hankali a Karare



A makon jiya wani magidanci daga Karare, a yankin Batsari, ya aiko mini da hoton wani ƙwaro da ya harbi ɗansa a yatsa suna cikin roron wake. Yaron ya tsala ihu kamar kunama ce ta same shi, yatsan kuma ya kumbura. Kafin magariba wani maƙwabci ya nuna wa uban saƙon WhatsApp mai hoton ƙwaro irinsa, wai sabon ƙwaro ne ya shigo ƙasa, yana haddasa ciwon zuciya. Tambayoyinsa biyu ne: shin yaron na cikin haɗari, kuma shin ya fesa fiya-fiya a ɗakunan kwana? Amsata ga duka biyun ita ce a'a. A ganina, abin tsoro a wannan labari yana cikin kwalbar maganin, ba a gonar wake ba.

Ƙwaron da ke hoton ɗan wani babban dangi ne da masana ke kira Reduviidae, mai nau'i kusan 7,000 a duniya. Mu kira shi mafaraucin ƙwari, don sana'arsa ke nan. Ana gane shi da abubuwa huɗu. Kansa siriri ne, da ɗan wuya a bayan idanu. Bakinsa gajere ne, mai kauri, mai gaɓa uku, a lanƙwashe kamar lauje, yana naɗe shi ƙarƙashin kai. Ƙafafunsa na gaba ƙarfafa ne, na damƙar abin farauta. Gefen cikinsa kuma yakan ɗan fito daga ƙarƙashin fikafikai. Akwai ɗan kwarmi a ƙirjinsa inda tsinin bakin yake hutawa. Idan an kama shi yakan goga bakin a wurin ya fitar da 'yar ƙara. Da wannan baki yake soke tsutsa ko wani ƙwaro, ya zuba masa yawu mai dafi da ke narkar da cikinsa, sannan ya zuƙe. Wannan yawu ne ya sa yaron kuka.

A nan manomi ya kamata ya lura. Ƙwarin da ke tsotse kwanson wake har ya yamushe suna kama da shi a ido, amma bakinsu dogo ne, siriri, miƙaƙƙe, kwance a jikin ƙirji. Mafaraucin kuwa su yake ci. Nau'in Rhynocoris na farautarsu a gonakin wake na Afirka ta Yamma, nau'in Phonoctonus kuma yana ɗaukar launin jan ƙwaron da ke ɓata auduga, ya saje da su yana cin su. Wanda ya kashe shi ya kori ɗan ƙodagon da ba ya karɓar lada.

To, daga ina labarin ciwon zuciya ya fito? Yana da tushe, amma a wata nahiya. Wani reshe na wannan dangi, Triatominae, jini yake sha. Shi ne ke yaɗa cutar Chagas, wadda likitan Brazil Carlos Chagas ya gano a 1909. Ƙwayar cutar 'yar uwa ce ga mai kawo ciwon barci da ƙudan tsando ke ɗauka a nan Afirka. Ƙwaron yana ɓuya a tsagar bango, ya fito da dare ya ciji mai barci, ya yi kashi kusa da wurin. Idan mutum ya sosa, sai ƙwayar ta shiga ta raunin ko ta ido. Bayan shekaru tana iya lalata zuciya. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da ita da miliyan 6 zuwa 7, akasarinsu a Latin Amurka, kuma a nahiyar Amurka kaɗai aka tabbatar ƙwari na yaɗa ta. Bakin mai shan jini miƙaƙƙe ne, cizonsa kuma galibi ba ya zafi, shi ya sa mai barci ba ya farkawa. Ke nan zafin da yaron Karare ya ji da rana tsaka alama ce ta mafarauci.

Batun "sabon ƙwaro" kuma, gaskiya ne masana na ci gaba da gano sababbin nau'i. A 2019 an bayyana wani mai shan jini a ƙasar Gwatamala. Sai dai "sabo" a bakinsu na nufin ba a taɓa rubuta shi ba, ba wai jiya ya sauka ba. Kuma ba a yanke wannan hukunci da hoton waya. Sai an sa ƙwaron a madubin bincike, an auna gaɓoɓinsa, an duba al'aurar namijin, an gwada shi da waɗanda aka adana. Ba zan yi mamaki ba idan dajin Rugu na ɗauke da irin da ba a kai ga rubutawa ba. Wanda ya ga baƙon ƙwaro ya tura shi cikin kwalba da tsinke, ya rubuta rana da wuri, ya miƙa wa malamin gona na KTARDA, ko masana a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Idan ya harbi mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha farasitamol idan zafin ya yi yawa. Kada a tsaga, kada a shafa kalanzir ko maganin feshi. Wasu manyan nau'i baƙaƙe masu ɗigo biyu a fikafikai sukan fesa yawu. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. A garzaya asibiti idan leɓe ko fuska suka kumbura, numfashi ya yi wuya, jiri ya kama, ko wurin ya fara ruwa bayan kwanaki.

Fiya-fiya kuwa guba ce ta gona, ba ta ɗaki ba. Tana sa dalalar yawu, amai da sarƙewar numfashi, kuma ta fi saurin kayar da ƙananan yara. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani a kasuwanni. A ƙauyen da fita neman asibiti da dare ba ƙaramin abu ba ne, rufe yara a ɗakin da aka fesa ta gudun gara ne a faɗa gidan zago. Gidan sauro, liƙe tsagar bango da kakkaɓe tufafi kafin a sa sun wadatar.

Na ji daga uban cewa kumburin ya saɓe bayan kwana biyu, yaron ya koma gona. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a amfanin bana.