Takin da Muke Ƙonawa da Hannunmu

A 'yan shekarun nan buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, kowa na kuka. Amma da zarar hunturu ya shigo, marke da kuka suka zubar da ganye, sai mu cinna wa daji wuta don farautar gafiya.

Ganyen nan abincin ƙasa ne. Yakan kare ta daga rana da iska, gara ta ja shi ciki, ruwan fari ya ruɓar da shi ya zama taki. In an ƙone shi, iska ce ke kwashe tokar. Gawo kuwa da damina yake zubar da nasa ganyen, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, shi ya sa gero ke kyau a gindinsa.

Maƙwabtanmu sun gwada sun gani. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya fara koya wa manoma su bar kututture ya toho, su riƙa yi masa sassabe maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo gonakin Nijar ta wannan hanya.

Farawa 2:15 ta nuna aiki biyu Ubangiji ya ba Adamu a gonar Aidan, noma da tsaro. Mun riƙe na farko, mun saki na biyu. Dattawan ikilisiya, a fara da gonar majami'a: bana kada a sa mata wuta, kada a sare gawo.