Zanen gida da ake zagayawa a waya: Amfaninsa da abin da ba ya nunawa

Duk wanda ya taɓa gini ya san ɗacin a ce masa "sai an rushe an sake". An kai linta, sannan mai gida ya lura wanda ke zaure yana hango tsakar gida, ko banɗaki ya fuskanci alƙibla. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, irin wannan gyara ya zama babbar asara.

Tushen matsalar shi ne yawancin masu gida ba sa iya karanta zanen takarda. Sai su ce "ya yi", alhali ba su ga komai ba.

A nan ne fasahar 3D ta shigo. Mai zanen gine-gine yakan tayar da gidan a kwamfuta da manhajoji irin su SketchUp ko Revit ko Archicad, sannan ya fitar da shi yadda za a buɗe a waya. Wannan ya bambanta da hoto ko bidiyo, inda mai zane ke zaɓar abin da za ka gani. Kai ne za ka juya gidan da yatsa, ka shiga falo, ka tsaya a ƙofar zaure ka duba ko ana ganin ɓangaren iyali.

Ga ɗan Gummi ko Anka ko Bukkuyum da ke aiki a Abuja yana aika kuɗin gini gida, hakan na nufin shi da maginin da uwargida za su kalli abu ɗaya kafin a haƙa fandisho. Gyara a waya ba ya cin bulo ko ɗaya.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su.

Na farko shi ne sabis. Irin wannan zane yana da nauyi, kuma mutanen Zamfara ba su manta da katse layukan sadarwa da aka yi a Satumbar 2021 ba. Gara ka nemi wanda za a sauke a waya a buɗe ba tare da intanet ba, kamar yadda manhajar BIMx ke bayar da dama.

Na biyu ya fi haɗari. Kyan fenti da fitilu ba sa nuna kaurin rodi, ko zurfin fandisho, ko hanyar da ruwa zai bi. Ambaliyar da ta rusa gidaje a Gummi a Agustan 2024 ta nuna cewa tsayin daɓe da magudanar ruwa sun fi ado muhimmanci. Haka kuma benen da ya rufta a titin Beirut da ke Kano a 2022 ya isa tunatarwa cewa ingancin gini ba a ido ake gane shi ba.

Yau duk matashin da ya iya kwamfuta zai iya haɗa gida mai ɗaukar ido. Amma hukumar ARCON ce ke yi wa masu zanen gine-gine rajista, COREN kuma injiniyoyi.

Don haka kafin ka sayi siminti, ka zagaya gidanka a waya son ranka, sannan ka nemi zanen injiniya mai hatimi da takardar izinin gini. Idan mai zanen ya ce 3D kaɗai ya isa, to ka nemi wani.