Hujjar Masu Ƙin Nono da Ƙwai

Idan aka ce wa Bahaushe ga wani can ba ya cin nama, abin da zai fara kawowa a ransa shi ne ko likita ne ya hana shi, ko kuwa aljihu. In aka ƙara da cewa ba ya shan nono, ba ya cin ƙwai, ba ya lasar zuma, ba ya kuma sa takalmin fata, sai ya ce lallai da walakin. Alhali kuwa akwai jama'a da suka ɗauki wannan hanya da gangan, da lafiyarsu da kuɗinsu. Su ake kira 'yan bigan, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta kafin a yi mata dariya.

A Ingila aka kafa ƙungiyarsu ta farko, cikin watan Nuwamba na 1944, a hannun wani malami mai suna Donald Watson da abokansa. Tun 1847 akwai ƙungiyar masu ƙin nama a ƙasar, amma su suna shan madara suna cin ƙwai, bisa ganin ba a zubar da jini wajen samun waɗannan. A nan ne Watson ya rabu da su, kuma a nan ne hujjar ta fi ƙarfi.

Dalili kuwa shi ne saniya ba ta ba da nono sai ta haihu. Saboda haka a manyan gonakin madara na Turai da Amurka akan sa ta ɗauki ciki kusan kowace shekara. Da ta haihu sai a raba ta da ɗanta cikin 'yan sa'o'i ko kwanaki, domin nonon na sayarwa ne. In ɗan namiji ne, ba shi da amfani a gonar, makomarsa mahauta. Ita ma uwar, da zarar nononta ya ja baya, galibi tana da shekara biyar ko shida, sai ta bi shi, ko da yake saniya na iya kai wa shekara ashirin. Haka abin yake ga ƙwai. Rabin 'yan tsakin da ake ƙyanƙyashewa maza ne, ba su yin ƙwai, kuma irinsu ba ya tara nama, don haka akan hallaka su ran da suka fito. Sai a 2022 Jamus ta haramta yin haka. Wato dai, a wurin ɗan bigan, kofin madara da soyayyen ƙwai ba su kuɓuta daga wuƙa ba, an dai ɓoye wuƙar ne. Da wannan ma'auni suke ƙin siliki, tun da akan dafa tsutsar a cikin gidanta kafin a warware zaren.

Tushen maganar tsoho ne. A 1789 masanin Ingila Jeremy Bentham ya nuna cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin azaba, magana da hankali ba su ne ma'auni ba. Peter Singer ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1975. Sai dai kada a ɗauka Turawa ne suka fara. Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham wanda ya rasu a 1057, ya bar nama da kifi da nono da ƙwai da zuma, yana ganin uwa ta tanadi nono don ɗanta, ƙudan zuma kuma ba don wani ya yi wahalarsa ba. Malaman zamaninsa sun yi masa ca a kan haka.

To, shin hujjar ta hau kan kowa? A nan akwai gyara. Wanda ya san ruga ya san ba a tatsar saniya sai ɗan maraƙi ya fara kama nono, domin shanun Fulani ba su cika sakin nono ba in ɗansu ba ya kusa. Kazar tsakar gida kuma tana yawonta, tana tononta. Ɗan bigan mai tsanani zai ce ai bajimin ma kasuwa zai ƙare, kuma dabba ba dukiyar kowa ba ce. Wannan ra'ayi yana da sauƙin riƙewa ga wanda kanti ke bakin ƙofarsa, yana iya sayen ƙwayar bitamin B12 da tsirrai ba su bayarwa. Ɗora shi a kan makiyayin da ke zaune inda ciyawa kaɗai ke fitowa rashin adalci ne.

Amma raunin wannan gefe bai rushe ɗayan ba. Amsar da aka fi bayarwa ita ce nama da nono da ƙwai halal ne, kuma haka ne. Sai dai addinin da ya halatta yanka shi ne ya ce a wasa wuƙa a hutar da abin yankawa, ya kuma hana azabtar da dabba. Tambayar 'yan bigan ta wuce mintin yanka, ta shafi watanni da shekarun da dabbar ta yi kafin nan. Tarayyar Turai ta haramta ƙunƙuntaccen kejin kajin ƙwai tun 2012, wanda kaza ba ta iya ko miƙe fiffike a cikinsa. Irin wannan keji yana nan cike da kaji a gidajen gona da dama na Nijeriya, kuma daga irin waɗannan gidajen gona ne kiret-kiret na ƙwai ke isa teburin mai shayi kowace safiya.