Kada Mu Shanya Yara a Rana

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi magana a kan wata al'ada wadda ta zauna a makarantunmu har mun daina ganin aibinta, watau tsai da yara a rana. Yaro ya makara, sai a ce ya durƙusa a tsakar fili. Babban baƙo zai zo, sai a jera yara tun da hantsi har azahar suna jiransa. A ganina wannan cutarwa ce, ya kamata kuwa mu da za mu riƙe aji gobe mu rabu da ita.

Na san waɗansu za su ce, "Ai rana ba ta cin baƙar fata, kakanninmu a cikinta suka yi noma." Gaskiya ne akwai wani abu cikin fatarmu, masana suna ce da shi melanin, shi ke ba ta launi, shi ne kuma ke tare wani irin haske mai ƙuna wanda ido ba ya gani, ana kiransa ultrabayolet. Amma ba duka yake tarewa ba. Abin da ya ratsa yakan ɓata fata a hankali, yakan kuma taimaka wajen kawo yanar ido. Kakannin namu ma ba su yi wasa da rana ba. Da sassafe sukan fita gona da malafa a ka, in rana ta take sai su nemi gindin ɗorawa.

Yanzu fa sai mu tuna da zabiya. Shi fatarsa ba ta da melanin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tsayuwar da ɗan'uwansa zai yi ya tashi da gumi kaɗai, shi zai tashi da ƙuna a wuya da kunne da leɓe. In abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, ƙunar nan takan zama gyambo, gyambon kuwa yakan zama sankarar fata, wadda ke kashe zabiya da yawa a Afirka tun da ƙuruciyarsu. A shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 13 ga Yuni domin tunawa da zabiya kowace shekara. Malamin da ya durƙusar da irin wannan yaro a rana, shin ya san abin da ya aikata?

Maganin ba mai tsada ba ne. Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, saboda haka a sa wasanni da aikin lambu da sassafe ko da la'asar sakaliya. A koya wa yara su dubi inuwarsu: in ta fi su gajarta, lokacin shiga inuwa ya yi. Kada hazo ko gajimare ya ruɗe mu, gama hasken nan yana ratsa su. A dasa darbejiya da mangwaro kewaye da filin taro. Zabiya kuwa a yardar masa ya sa malafa da riga mai dogon hannu, ko da tufafin makaranta ba haka suke ba. In da hali a samo masa man kāre rana mai lamba 30 ko fiye, ya riƙa sāke shafawa bayan awa 2 in yana waje. Man kaɗanya yana sa fata laushi, amma bai isa ya tsare ta daga rana ba.

Iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu domin mu koya musu karatu da ladabi. In yaro ya yi laifi a hore shi, amma a hore shi a inuwa. Ina roƙonku, duk wanda aka tura koyarwar gwaji bana, ya fara da nasa ajin.